Rabon Gado da Aljabara a Ƙasar Yauri

Wajen shekarar 1820 ba, tun wajen shekarar 820 ne wani malami a Bagadaza, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, ya wallafa littafin da aka samo sunan aljabara daga cikinsa. Aljabara ita ce lissafin da ake sa harafi a madadin adadin da ba a sani ba, a yi ta aiki har ya fito. Kashi mai yawa na littafin nan kuwa maganar gado ce da wasiyya.

To, wannan irin lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Yauri. Tun kafin zuwan Turawa alƙalai da malamai suna raba gado. A ce mutum ya rasu ya bar shanu 24, da mata, da uwa, da ɗa guda. Matar tana da sumuni, watau shanu 3, uwar tana da sudusi, watau 4, ɗan ya kwashe 17. Malamin da ya san dalilin da ya sa ake neman 24 in sumuni ya gamu da sudusi, ai ya riga ya taka ƙofar aljabara, ko bai taɓa jin sunanta ba.

Da aka kafa makarantun Midil wajen 1930, Yauri tana cikin Lardin Sakkwato, Midil ta lardi kuwa tana can Sakkwato, inda Ahmadu Bello ya koyar daga 1931 zuwa 1934. Yaran zamanin sun sha rabawa ko a kasuwa, gama kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam. Sai a 1973 naira ta zo da ɗari-ɗari, ta sauƙaƙa ciniki, amma a ganina ta rage wa yaro wasa ƙwaƙwalwa.

A 2012 Robert Siegler da abokan aikinsa suka bi sawun yara a Amurka da Ingila. Suka tarar yaron da ya iya rabawa da lissafin ɓangare, su rabi da sulusi, tun yana ɗan shekara 10, shi ne ya fi cin aljabara daga baya, ko da an daidaita batun arzikin iyaye da ilminsu. Wannan labari ne mai daɗi ga talaka.

Sai dai akwai wani shinge, shi ne harshe. Ɗan Bagunge ko Bakambare daga Ngaski ko Shanga yakan tashi da harshen gidansu, ya koyi Hausa a kasuwar Yelwa, sa'an nan a yi masa tambaya da Turanci. Mahaifinsa na iya raba kuɗin albasa ko na kifin tafkin Kainji tsakanin mutum uku da ka, shi ma yaron yana iyawa, amma a takarda sai ya tsaya, don bai gane abin da ake tambaya ba.