Asalin Kalma: Ƙuri'a

Daga Larabci muka aro ta. Ma'anarta ta fari ita ce a jefa abu a bar sa'a ta fid da mai rabo, kamar yadda magada kan yi in gonaki biyu sun zo daidai. Da zaɓe ya shigo, sai mutum ya riƙa kaɗa ta da niyya, kuma wannan ma'anar ce ta fi kwanta mini.

A garin Kore Mairuwa, kamar sauran Nijar, kalmar ta sami sabon nauyi bayan Taron Ƙasa na 1991. Mata kuwa sai da wata doka ta shekarar 2000 ta ware musu kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka kai shi 25 a 2019.