Dokin Da Aka Hora A Bakin Teku

Ku 'yan makaranta, da yawanku kun sha kallon sukuwa, kun ga yadda akan ɗauki ihu in doki ya zo na fari. Amma kaɗan ne kan tuna da wahalar da aka sha a barga kafin wannan rana. To, ga labarin wani doki na ƙasar Ingila wanda zai nuna muku inda nasara ke fitowa.

A Aintree, kusa da birnin Libaful, akwai wata babbar sukuwa da ake kira Grand National, wadda aka soma a 1839. Tsawon filin da ake gudu ya fi mil 4, kuma sai doki ya tsallake shinge 30, waɗansu har da rami a gindinsu. Akan yi ta bayan fitar hunturu, wajen farkon watan Afrilu. Don haka duk shirin da za a yi mata cikin sanyi ake yinsa. Hunturun can kuwa ba irin namu ba ne. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, ta faɗi kafin ƙarfe 4. Ƙasa takan daskare ta yi tauri kamar dutse, har a rasa inda za a saki doki ba tare da ya ji ciwo ba.

An haifi dokin nan Red Rum a ƙasar Ailan a 1965. A 1972 wani mai horon dawaki, Donald McCain, wanda aka fi sani da Ginger, ya sayo shi a kan fam 6,300 da kuɗin wani attajiri, Noel Le Mare. McCain ba mai hali ba ne. Tasi yake ja, yana kuma sayar da tsofaffin motoci, bargarsa tana bayan shagon motocin a garin Southport. Ba shi da filin horo, sai rairayin bakin teku. Da aka kawo dokin, sai ga shi yana ɗingishi, domin yana da ciwon ƙashi a cikin kofato, irin wanda yakan hana doki sukuwa har abada.

Ashe talaucin McCain shi ne sa'ar dokin. Bisa ga labarin da ya bayar, da aka shigar da Red Rum cikin ruwan gishiri mai sanyi, sai ya fito yana takawa sarai. Tun daga nan, safiya bayan safiya, akan daidaita rairayin, a fito da dawaki cikin iska da hazo, su yi gudu, sa'an nan su shiga ruwa. Rairayin da teku ke jiƙawa kullum da wuya ya daskare, don haka ko a ranakun da dawakin waɗansu ke tsaye a barga, nasa suna aiki.

Amfanin wannan ya bayyana a 1973. Wani doki na Ostareliya mai suna Crisp ya yi wa sauran nisa ƙwarai, ko da yake ya fi Red Rum ɗaukar nauyi da wajen kilo 10. Bayan shinge na ƙarshe sai ƙarfinsa ya ƙare, Red Rum ya cim masa, ya wuce shi dab da ƙarshen fili, cikin minti 9 da daƙiƙa 2 ba kaɗan. Ba a sami wanda ya fi wannan sauri ba sai a 1990. A 1974 ya sake ci, yana ɗauke da kilo 76. A 1975 da 1976 ya zo na biyu, mutane suka ce tsufa ya kama shi. McCain bai saurare su ba, ya koma bakin teku. A 1977, yana da shekara 12, Tommy Stack na bisansa, ya ci karo na uku, abin da wani doki bai taɓa yi ba. Ya mutu a 1995, aka binne shi a Aintree, daidai inda sukuwar ke ƙarewa.

Ku duba, gudun minti 9 ne jama'a suka gani, amma watanni aka yi ana tashi da duhu domin sa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke jiran watan jarrabawa kafin ya buɗe littafi, sai ya tuna da wannan.