Ƙididdigar Ambato da Awon Tasirin Masani: Sharaɗin da Ba a Cika Ba

Gabatarwa

A shekarar 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ya fito da ma'aunin da ake kira h. Lissafinsa ba shi da wuya: malamin da ke da maƙalu goma da aka ambaci kowaccensu aƙalla sau goma, h ɗinsa goma ne. Sai dai Hirsch ya ɗora wa lissafin iƙirari mai nauyi, cewa masana biyu da h ɗinsu ya zo ɗaya suna kusa da juna a tasiri, ko da yawan rubutunsu da jimillar ambatonsu sun yi hannun riga. Wannan iƙirari ne ya ratsa duniya har ya iso teburin wasu kwamitocin ƙarin girma na jami'o'inmu, inda ake tambayar malami shafinsa na Google Scholar ko Scopus tun kafin a buɗe maƙalarsa. Wannan takarda tana ganin iƙirarin bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma rauninsa ya girmi Hirsch.

Tarihin ƙididdigar ambato sananne ne (Garfield, 1955, Price, 1963, Merton, 1968), haka ma sukar da aka yi wa auna maƙala da darajar mujallar da ta fito a ciki (Seglen, 1997). Abin da ya rage a tattauna shi ne kariyar da Eugene Garfield, wanda ya kafa Science Citation Index a 1964, ya yi wa hanyar a mujallar Scientometrics a 1979. Duk mai kare h a yau daga wannan rijiya yake ɗiba, ya sani ko bai sani ba.

Hujjar Garfield

Adalci ne a faɗi cewa Garfield bai ce ambato yana auna ingancin aiki ba. Abin da ya ce yana aunawa shi ne amfanin da sauran masana suka samu a aikin. Da aka ce masa ai ana ambaton aiki don a rushe shi, sai ya amsa cewa masana ba sa ɓata lokaci kan rushe abin da bai kai ba, wato ruwa ba ya tsami banza. Da aka kawo batun mai yawan ambaton kansa, sai ya ce wannan ɗabi'a ce ta wanda ke gini a kan aikinsa na baya, kuma mai wuce gona da iri ba ya ɓuya. Babbar hujjarsa ita ce ta yawa: in aka tara ambato da dama, sakamakon yakan dace da hukuncin masana, shi ya sa waɗanda suka sami kyautar Nobel suke fitowa a sahun gaba na waɗanda aka fi ambata.

Amsa ta farko tana da rauni a bayyane. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta danganta allurar rigakafi da cutar galahanga, wadda mujallar Lancet ta janye a 2010, ta tara ambato mai ɗimbin yawa, kuma rumbun bayanai ba ya bambance ambaton yabo da na gargaɗi wajen lissafin h. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin irin wannan ba shi da yawa. Hujjar yawa ita ce ta cancanci a tsaya a kanta.

Sharaɗin yawa

Malaman hadisi sun daɗe da yin tunani a kan yaushe yawan masu ba da labari yake zama hujja. Ibnu Hajar a Nuzhatun Nazar bai wadatu da adadi kaɗai ba wajen bayanin mutawatiri. Dole ne masu ruwayar su kai yadda al'ada ba za ta yarda sun haɗa baki ko sun dace a kan ƙarya ba, yawan ya ɗore a kowane mataki na isnadi, kuma tushen labarin ya zama abin da aka gani ko aka ji. Mutum ɗari da suka kwafo daga mutum ɗaya shaida ɗaya ce. Hujjar Garfield tana buƙatar wannan sharaɗi ba tare da ta faɗa ba: kurakurai suna share juna ne kawai idan kowane mai ambato ya karanta da kansa, ya yanke hukunci da kansa.

Shin haka ake yi? Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury sun gwada wannan a 2003 ta wata hanya mai hikima. Sun ɗauki wata shahararriyar maƙalar fiziya ta Kosterlitz da Thouless ta 1973, wadda aka ambata kusan sau 4,300, suka bi jerin manazartar waɗanda suka ambace ta. Sun sami ambato 196 masu kuskuren lambar shafi ko kundi ko shekara, amma nau'in kurakuran 45 ne kacal, kuma kuskure ɗaya tilo ya maimaitu sau 78. Mutum 78 ba za su yi tuntuɓe a lamba ɗaya kowa da kansa ba. Kwafa suka yi daga jerin manazartar juna. Daga nan suka kiyasta cewa kimanin kashi 20 cikin ɗari ne na masu ambato suka karanta asalin aikin. Ana iya jayayya da wannan kiyasi, tunda mutum yana iya karanta maƙala sannan ya kwafo adireshinta daga wani. Duk da haka, da wuya a ci gaba da ɗaukar kowane ambato a matsayin shaida mai zaman kanta. Wanda aka riga aka ambata shi ake gani, wanda ake gani shi ake ƙara ambata.

A nan ya kamata da'awar wannan takarda ta tsuke zuwa abin da hujja ta ba da dama. Ba a cewa ƙididdigar ambato ba ta nuna komai. Idan ana kwatanta manyan cibiyoyi masu dubban maƙalu a fanni ɗaya, a harshe ɗaya, cikin shekaru ɗaya, alƙaluman sukan yi kusa da hukuncin masana. Ko a wannan mataki ma akan yi ɓatan kai: a jerin Times Higher Education na 2010 Jami'ar Iskandariyya ta Masar ta zo ta 147 a duniya, galibi saboda ambaton maƙalun mutum ɗaya da ya buga a mujallar da shi ne editanta. To idan mutum ɗaya ya iya karkatar da ma'aunin jami'a sukutum, ina ga ma'aunin malami ɗaya mai maƙalu ashirin?

Wane ne marubucin?

Ƙididdiga tana ɗauka cewa an san mai aikin. A 2015 mujallar Physical Review Letters ta buga maƙala a kan nauyin ƙwayar Higgs mai ɗauke da sunayen marubuta 5,154. A lissafin h da aka saba, kowannensu yana samun cikakken ambato kamar shi kaɗai ya rubuta. Ɗan tarihin da ya shafe shekaru a kan littafi guda yana da abu ɗaya da za a ƙirga. Ko malami yana da littattafai uku da aka ambaci kowanne sau dubu, h ɗinsa ba zai wuce uku ba, alhali mai gajerun maƙalu goma da abokansa suka ambata sau goma-goma ya kai goma. Ma'aunin da ya tsaya haka yana koya wa matasa su yayyanka bincike ɗaya gida biyar, su kuma riƙa sa sunan juna. Al'adar "sa ni in sa ka" ba baƙuwa ba ce a sassanmu.

Inda rumbun bai kai ba

Ga mai nazarin Hausa matsalar ta ninka. Web of Science da Scopus mujallun Ingilishi suka fi tattarawa. Mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita da Ɗundaye, da littattafan girmamawa da na taruka, da kundayen digiri da ke jere a ɗakunan karatu na sassa, nan ne muhawarar fannin take gudana, kuma mafi yawansu ba sa cikin waɗannan rumbuna. Duk wanda ya duba kundayen adabi ya san sau nawa ake komawa ga Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988), ko ga mazhabar feɗe waƙa ta Abdulƙadir Ɗangambo. Tasirin nan na gaske ne, ana iya nuna shi shafi-shafi, sai dai na'urar ba ta ganinsa. Ƙarancin adadi a irin wannan hali labarin iyakar rumbun yake bayarwa.

Mai kare ƙididdiga yana da sauran magana, kuma mai nauyi ce: in aka ajiye alƙaluma aka koma ga hukuncin manya, an buɗe ƙofar son kai da ubangida, kuma ƙaramin malami marar gata shi zai fi shan wahala. Wannan tsoro yana da tushe. Amma alƙaluman ma ba su tsira daga hannun mutane ba. A 2010 Cyril Labbé ya ƙirƙiro marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya zuba maƙalun da kwamfuta ta haɗa suna ambaton juna, Google Scholar ya ba shi h na 94. Mai tantancewa da ya yi son kai ana iya neman dalilinsa a rubuce, a ɗaukaka ƙara. Lambar da aka murɗe kuwa takan wuce kwamiti ba tare da kowa ya yi tambaya ba, saboda kamannin gaskiya da take da shi.

Kammalawa

Sanarwar San Faransisko ta 2012 da Ƙa'idojin Leiden na 2015 sun riga sun nemi alƙaluma su zama mataimaka ga hukuncin masana. Abin da wannan takarda ta ƙara shi ne dalilin: yawan ambato ba ya zama shaida sai an tabbatar masu ambaton sun karanta, ba su kwafi juna ba, kuma rumbun ya ƙunshi inda fannin yake magana. A fannoni irin namu babu ɗaya cikin ukun da aka tabbatar. Saboda haka zai fi dacewa kwamiti ya nemi malami ya zaɓi ayyukansa uku ko biyar, ya bayyana rabonsa a cikin kowanne, masu tantancewa na waje su karanta su rubuta dalilansu. Sassan Hausa kuma, in suna son a ƙirga musu daidai, aikin tattara manazartar mujallunsu da kundayensu a rumbu guda yana wuyansu.