Tarihin Kanna, Tsiron Faranta Zuciya na Afirka ta Kudu

A busassun yankunan Karoo da Namakwaland, a Afirka ta Kudu, akwai wani ɗan tsiro mai yaɗo da ganye mai ruwa-ruwa, wanda al'ummun San da Khoekhoe suke kira kanna. Masana tsirrai suna ce masa Sceletium tortuosum. Mafarauta da makiyaya sun daɗe suna tauna shi domin rage ƙishirwa da gajiya, da kuma yaye baƙin ciki.

Turawan Holan ne suka fara rubuta labarinsa. A shekarar 1685, kwamanda Simon van der Stel ya yi tafiya zuwa Namakwaland neman tagulla, kuma bayanin tafiyar ya nuna irin darajar da mutanen Nama suke ba wannan tsiro. Daga baya masu jin harshen Afirkans suka raɗa masa suna kougoed, wato "abin taunawa". Ɗalibin harshe zai lura cewa baƙin sun kira shi da abin da idonsu ya gani ana yi da shi kawai.

Ba ɗanye ake cin sa ba. Sai an daka shi, a zuba a jakar fata, a bar shi a rana wajen kwana takwas ya tsumu, sannan a shanya. Wannan sani na masu ƙasa ne, kuma sun riga masu ɗakin bincike da ƙarnoni.

A 1898 aka fara tace wani sinadari daga tsiron, a 1914 aka sa masa suna mesembrine. Bincike ya nuna yana hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin sake tsotse sinadarin serotonin, wato hanyar da wasu magungunan ciwon damuwa na asibiti suke bi. A 2013 an gwada tatacciyarsa mai suna Zembrin, miligiram 25, aka ga sashen ƙwaƙwalwa mai lura da tsoro ya rage firgita. Amma mutum 16 kacal aka gwada, kuma dukansu masu lafiya ne. A ganina, wannan bai kai a ce an samu maganin ciwon damuwa ba.

Sai batun haƙƙi. A 2008 kamfanin HG&H, mai yin Zembrin, ya ƙulla yarjejeniya da Majalisar San ta Afirka ta Kudu domin a riƙa ba su kaso daga cinikin. Majalisar kuwa tana raba kason da ƙauyukan Paulshoek da Nourivier na Namakwaland.