Shafi'u Muhammad da Raka Robas: Tarihin da Muke Neman Mantawa

 A hutun Sallar da ya wuce na je gida Toranke, na tarar da samari a gindin bishiya suna gardamar ƙwallon Turai. Kowa ya san sunan 'yan wasan Ingila da na Sifen, har da kuɗin da aka saye su. Sai na tambaye su ko sun san Shafi'u Muhammad, aka yi tsit. Na ce to Raka Robas fa? Wani ya ce ko sunan kamfanin taya ne. Dariya na yi, amma abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma ba don kawuna ba, Allah Ya jiƙansa, da ban san su ba. Shi ne ya riƙa ba mu labarin yadda suke kewaye akwatin rediyo ɗaya tak a ƙofar gida duk ranar da Raka za ta buga wasa.

Kano dai ba baƙuwa ba ce a fagen tamaula. A shekarar 1953 'yan wasan Kano suka doke Legas Dainamos da ci 2 da 1, suka ɗauki Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. Tun da aka fara gasar a 1945, wannan ne karo na farko da kofin ya bar Ikko.

Ita kuwa Raccah Rovers, wadda bakin Bakano ya mayar Raka Robas, sunanta na da alaƙa da noman iyayenmu. Saul Raccah wani attajiri ne mutumin Tarabulus ta ƙasar Libiya, wanda ya shahara wajen sayen gyaɗa a Kano zamanin Turawa. Ke nan guminmu na ƙasar Gaya, da aka riƙa ɗurawa a buhu ana tara dalar gyaɗa a birni, yana cikin abin da ya ɗaga wannan suna.

Shekarar 1978 ita ce shekarar Raka. A cikinta ta zama zakarar gasar lig ta ƙasa, a lokacin da Renjas ta Inugu da Shutin Stas ta Ibadan suka hana kowa sakat. Kafin nan ƙungiya ɗaya ce daga Arewa ta taɓa yin haka, wato Maiti Jet ta Jos a 1972. A watan Afrilun wannan shekara kuma ƙungiyar Fluminense ta ƙasar Brazil ta zo Nijeriya, ta kara da Raka a Kaduna. Pele, wanda ya ci kofin duniya sau uku, ya sa rigar baƙin ya shiga fili, ko da yake ya riga ya yi ritaya. Baƙin suka yi nasara da ci 2 da 1. A duba fa, 'yan Kano ne suka tsaya gaba da gaba da sarkin ƙwallon duniya, amma yau jikokinsu ba su da labari.

Daga wannan ƙungiya aka kira Shafi'u Muhammad zuwa ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Green Eagles. Yana cikin 'yan wasa 22 da koci Otto Gloria, mutumin Brazil, ya zaɓa domin gasar cin kofin Afirka ta 1980. Ranar 22 ga Maris, a babban filin wasa na Surulere, Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, kyaftin Christian Chukwu ya karɓi kofi. Wannan ne karon farko da ƙasarmu ta ci kofin, kuma Shugaba Shehu Shagari ya ba kowane ɗan wasa gida a unguwar Festac da mota Fijo 504. A wannan shekarar dai Shafi'u na cikin tawagar da ta je wasannin Olamfik a Mosko. Ba su wuce zagayen farko ba, amma sun yi kunnen doki 1 da 1 da Cekosulobakiya, wadda ita ce ta ci zinare a ƙarshe.

Bayan haka sai tauraruwar Raka ta dushe, har ta ɓace. Aka kafa Kano Pillars a 1990, amma sai a 2008 kofin lig ya sake shigowa Kano, shekara 30 cif bayan na Raka. Pillars ta ƙara a 2012 da 2013 da 2014. Duk wanda ya yi murna a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a waɗannan shekaru, ya sani cewa na gaba ne suka share masa hanya.

To 'yan'uwa, ina laifin yake? Ba na yara ba ne, namu ne. Mutanen 1980 suna ta tafiya: Muda Lawal ya rasu a 1991, Chukwu ya bi shi a 2025. Dattawan da suka ji wasannin nan da kunnensu su ma kullum raguwa suke yi. Haka abin yake a makarantarmu. Wa zai iya lissafo 'yan wasan da suka wakilce mu a gasar makarantu shekara 30 da suka wuce? Ina hotunansu, ina kofunan?

Shawarata ga shugabannin wannan ƙungiya ita ce a kafa ɗan kwamiti, ya bi tsofaffin malaman wasanni da yayyenmu na ajujuwan farko, a ɗauki maganarsu, a tattara hotuna, a kuma ware shafi guda a kowace fitowar mujallar nan domin tunawa da ɗan wasa ɗaya. Ni na ɗauki alkawarin bin dattawan Toranke da Ajingi da Gaya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amanar tarihinsu, amin. Wassalam.