Disleksiya: Matsalar Karatu Mai Tushe A Ƙwaƙwalwa

Disleksiya matsala ce da ke wahalar da yaro wajen karatu da rubutu, alhali idonsa lafiya, hankalinsa cikakke. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da bayanin yaro ɗan shekara 14, haziƙi a lissafi, amma karatu ya gagare shi.

Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna mana cewa bambancin ya fi yawa a ɓangaren hagu. Sassan da ke haɗa harafi da sautinsa, da wanda ke gane kalma nan take, ba sa aiki sosai lokacin karatu, kuma jijiyoyin da ke sada su sun bambanta. Shi ya sa yaron ke kasa rarrabe sautukan kalma, yake karatu a hankali, yake kuskuren haruffa, ko da boko ko da Larabci. Sau da yawa gadonta ake yi.

Don haka kada mu kira shi daƙiƙi ko rago. Bulala ba ta gyara wannan. Abin da ke taimako shi ne koyar da harafi da sautinsa daki-daki, da maimaici, tun da wuri.