Ƙarin da ke fitowa saman hanci, cikin kai: alamominsa da yadda ake cire shi

Jama'ar Zabori da kewaye, da ƴan'uwanmu na ƙetare, yau za mu yi bayani kan wani ciwo da mutane kan ɗauka aikin iska ne ko tsufa, alhali ƙari ne da likita ke iya cirewa.

Likitoci na kiransa meninjiyoma, sunan da wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya sa masa a 1922. Yana tsirowa ne daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Irin da muke magana a kai yana zama can ƙasan goshi, daidai inda jijiyoyin jin ƙamshi suka ratsa daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa. Mafi yawansa ba ciwon daji ba ne, kuma ya fi kama mata da manyan mutane.

Matsalarsa ita ce a hankali yake girma, shekara da shekaru. Alamar farko, mutum ya daina jin ƙamshi ko wari ba tare da mura ba: miya ta ƙone a tukunya bai ji ba. Daga baya sai hali ya canza. Mai kuzari ya koma zaman shiru, ba ruwansa da gona ko iyali, ga mantuwa, wani ma ya riƙa maganar da ba ta dace ba. Akwai ciwon kai mai naci, gani ya ragu, wani lokaci farfaɗiya ko fitsari ya kubce.

To, kun ga abin da ke sa iyali su nufi wajen masu magani. Kafin a gane, ƙarin ya girma har ya danne jijiyar ido, kuma ganin da ya tafi gaba ɗaya da wuya ya dawo.

Hoton kai ne ke tabbatar da ciwon, wato sikana ko IRM. A fara da likitar da ke kusa, a faɗa masu maganar ƙamshin ƙarara, a nemi takardar turawa gaba. Akwai likitocin aikin ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai, haka ma a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Maganinsa aiki ne. Likita kan buɗe ƙashin goshi ko na gefen kai ya cire ƙarin, wani lokaci ta ƙaramar kafa a saman gira. Idan ƙarami ne, akan bi ta hanci da bututu mai kyamara. Abin da ya rage akan ƙone shi da haske na musamman.

Bayan aiki, sau da yawa hali da hankali na daidaita, amma jin ƙamshi ba lalle ya dawo ba. Idan ruwa mai haske ya riƙa ɗigowa daga hanci, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti nan take. A kuma ci gaba da zuwa hoto, don ƙarin yana iya sake tsirowa.

Ku da ke Kwatano, Legas ko Turai, idan an ce maku inna ko baba “ya canza”, ku tambaya ko yana jin ƙamshin abinci. In ba ya ji, ku taimaka da kuɗin mota da na hoto tun da wuri. Allah Ya ba mu lafiya.